Daga Kasuwar Sukari Zuwa Finjalin Gahawa: Tafiya Cikin Birnin Amman

Amman, babban birnin ƙasar Jodan, gari ne da ba shi da shimfiɗa. A kan tuddai bakwai aka fara kafa shi, yau kuwa ya malala ya hau wasu tuddan da suka ninka waɗancan, ya cike kwarurukan da ke tsakaninsu. Wanda duk ya tsaya a kan Jabal Ƙal'a, tudun da kufan tsohon birnin yake, zai ga gidaje na farin dutse sun hau kan juna kamar jeren ƙoren amarya. A ƙasa ga dandalin wasan Rumawa da aka sassaƙa a jikin tudu tun ƙarni na 2 Miladiyya, mai ɗaukar mutum kusan 6,000. Tsakanin gidajen kuma, in mutum ya zuba ido sosai, zai hangi wasu siraran layuka suna gangarowa daga sama har ƙasa. Matakalai ne na dutse.

Matakalan nan su ne tsoffin hanyoyin garin. Suna saukowa daga Jabal Amman da Jabal Luwaibida da Ashrafiyya zuwa cikin kwari inda kasuwa take, wurin da mutanen gari ke kira Balad. A da magidanci kan gangaro da safe wajen nema, ya hau da yamma riƙe da cefane. Mace mai zuwa kasuwa da yaro mai zuwa makaranta duk hanyarsu ke nan. Babu wanda ya kira wannan motsa jiki, rayuwa ce ta zo da haka. Na hau ɗaya daga cikinsu, sai da na tsaya shan iska sau biyu kafin in kai ƙarshe, kuma waɗanda na haɗu da su galibi 'yan yawon buɗe ido ne da matasa masu ɗaukar hoto, sai tsofaffin da ƙofar gidajensu ke bakin matakalar.

Sauran mutanen gari suna cikin mota. Lokacin da Sarkasawa 'yan gudun hijira suka zauna a nan a 1878, Amman kufai ce a bakin rafi. A 1921 ta zama cibiyar mulki tana ƙaramin gari. Daga nan Falasɗinawa suka kwararo a 1948 da 1967, mutanen Iraƙi suka biyo baya, 'yan Siriya kuma daga 2011. Yau mazaunanta sun haura miliyan 4. Rafin da ya tara mutane tun farko an rufe shi da kankare, an shimfiɗa titi a kansa. Garin ya miƙe yamma yana bin shataletale takwas da ake ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya, unguwannin da aka tsara domin taya, aka manta da ƙafa. Cikin rayuwar mutum guda, jikokin makiyaya da manoma suka koma mazauna kujerar ofis da kujerar tasi.

Jiki bai yafe wannan sauyi ba. Binciken da masana ƙasar suka riƙa maimaitawa a tsakanin manya 'yan shekara 25 zuwa sama ya nuna cewa a 1994 kusan kashi 14 cikin 100 na maza ne ke da ciwon sukari, amma zuwa 2017 adadin ya kai kusan kashi 32. A wajen mata ya tashi daga kusan kashi 12 zuwa kusan 18. Wato a sahun sallar Juma'a, cikin kowane magidanta uku akwai yiwuwar ɗaya yana ɗauke da cutar, ko ya sani ko bai sani ba. Shi ya sa kalmar sukkari ba baƙuwa ba ce a bakin direba ko mai shago. Ana ambatonta kamar yadda ake ambaton sanyin hunturu, abin da kowane gida ya san da shi.

Jodan ba ta rasa likitoci ba. Ƙasa ce da maƙwabta ke zuwa neman magani. A arewacin birnin, daura da Jami'ar Jodan, akwai cibiyar ƙasa ta kula da ciwon sukari da cututtukan sinadaran jiki da na gado, wadda aka kafa a 1996 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kamel Ajlouni. Akwai masu duba ido, akwai masu duba ƙafa, akwai masu tsara wa majiyyaci abinci. Amma a wannan cibiya ce aka yi wani bincike a 2008 a kan mutum 917 masu nau'i na biyu na cutar, wato wanda ya fi kama manya, aka tarar kashi 65.1 cikin 100 sukarinsu bai sauka inda ake so ba. Kusan mutum biyu cikin uku ke nan, alhali suna hannun ƙwararru.

Ma'aunin da aka yi amfani da shi ana kiransa HbA1c, kuma yana da kyau mai karatu ya san yadda yake aiki. Sukarin da ke yawo a jini yana manne wa wani sinadari da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, su kuwa ƙwayoyin suna rayuwa kimanin kwana 120. Don haka in an auna yawan wanda ya manne, ana samun matsakaicin sukarin mutum na wata biyu zuwa uku da suka wuce. Ga yawancin manya, ana son ya tsaya ƙasa da kashi 7. Gwaji ne da ba ya jin rarrashi. Wanda ya ƙaurace wa zaƙi kwana biyu kafin ranar ganin likita ba zai ruɗe shi ba, domin lissafin dukan bukukuwa da liyafun watannin nan yana rubuce a jininsa.

Masu binciken sun fitar da abubuwan da suka fi tafiya tare da rashin saukar sukarin. Wanda ba ya bin tsarin abincin da aka ba shi, yiwuwar sukarinsa ya ƙi sauka ta kusa ninka uku. Wanda ya haura shekara 7 da cutar, ta kusa ninka biyu. Sai kuma mummunan kallon da majiyyaci ke yi wa cutar, da yawan shingayen da ke hana shi bin umarnin likita. Cibiya irin wannan takan tara waɗanda cutarsu ta yi tsanani, don haka ba za a ɗora adadinta a kan ƙasar baki ɗaya ba. Duk da haka abubuwan da ta lissafa suna da gidaje a cikin gari, kuma mai tafiya a ƙasa zai iya bin su ƙofa ƙofa.

Ƙofar farko tana Balad. Kusa da Masallacin Husaini, wanda aka gina a 1924, akwai wata kasuwa mai rumfa da ake kira Suƙ as-Sukkar, wato Kasuwar Sukari. Abin mamaki, kayan lambu ne suka fi cika ta: tumatir da kokwamba da baƙin yalo daga Kwarin Jodan, kuɓewa, ganyen mulukiyya wanda mu muke kira lalo, ɓaure, rumman, zaitun, buhunan adas da na wake. Da likita zai rubuta wa mai ciwon sukari takardar cefane, da wuya ya ƙara wani abu a kan abin da ke rumfunan nan. Abincin gargajiyar ƙasar ma haka yake: man zaitun da za'atar, dafaffen wake, adas da alkama, kindirmo mai kauri. Maganin yana kasuwa, kuma ba ɓoye yake ba.

Tafiyar mintoci kaɗan daga nan, a wani ɗan lungu, mutane ne a layi gaban shagon Habibah, kowa na jiran rabonsa na kunafa. Cuku ne ake shimfiɗawa a babban tire, a rufe shi da gari mai mai, a gasa, a kwarara masa ruwan sukari mai kauri, a barbaɗa fustuƙ. Ana cinta da zafi, a tsaye, a bakin titi. Na ci, kuma ba zan yi wa mai karatu ƙarya ba, ta cancanci layin. Sai dai kunafa a Jodan ta wuce abin marmari, harshe ce da ake magana da shi. An yi haihuwa, kunafa. An sa rana, kunafa. Yaro ya ci jarrabawar tawjihi ta kammala sakandare, sai a aika tire tire ga maƙwabta. Wanda ya ture farantin da aka miƙo masa, kamar ya ture farin cikin mai shi ne. A gefe kuma ga shayi da na'ana'a ko ganyen maramiyya, wanda sau da yawa tun a buta ake zuba masa sukari, kafin a tambayi mai sha.

Babban gwajin kuwa mansaf ne, abincin da ƙasar ke alfahari da shi, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2022. Ana dafa naman rago a romon jamid, wato kindirmon tumaki ko na awaki da aka dunƙule da gishiri aka shanya har ya yi tauri kamar dutse, wanda na garin Karak ya fi suna. A shimfiɗa siririyar gurasa a ƙasan faffaɗan tire, a tula shinkafa mai maiƙo, a jera nama, a watsa soyayyen lauz. A bisa al'ada maza kan kewaye tiren a tsaye, hannun hagu a baya, ana dunƙula loma da dama. Mai gida ba ya zama. Aikinsa shi ne ya yago tsoka ya tura gaban baƙo, ya ƙara romo, ya yi ta cewa a ci, har da rantsuwa.

A nan ne takardar tsarin abinci ke gamuwa da abin da ya fi ƙarfinta. An rubuta ta ne domin mutum ɗaya mai faranti ɗaya, wanda zai auna shinkafarsa da kofi. Tiren mansaf ba shi da iyaka tsakanin rabon wani da na wani, kuma mai ƙayyade yawan abin da baƙo zai ci shi ne mai masaukinsa. Dattijo mai ciwon sukari da ke tsaye a gaban surukansa yana da zaɓi biyu: ya janye hannu da wuri a ce ya raina abincin, ko ya yi kara ya ci gaba. Galibi kara ce ke yin nasara. Idan aka rubuta a fayil cewa majiyyaci ba ya bin tsari, sau da yawa abin da ya faru ke nan: ya zaɓi mutuncin zumunci a kan lambar da ba ya gani.

Akwai wani abu da tsofaffi suka sani. Mansaf na da can da gurasa ko dafaffiyar alkama ake yin sa, shinkafa daga baya ta shigo cikin ƙarni na 20. Kuma abincin babbar rana ne, na ɗaurin aure ko sulhu ko saukar babban baƙo, ga mutanen da suka yini suna bin garke a ƙafa. Yau ana iya yin odarsa ta waya kowace Juma'a, a ci a kwanta. Al'adar tana nan yadda take, jikin da ke ɗaukarta ne ya sauya. In kiɗa ya canza, rawa ma ya kamata ta canza, amma rawar karimci ba ta saurin juyawa.

Ga talaka kuwa, matsalar ta aljihu ce. Farar gurasa ita ce ginshiƙin ciki a Jodan, har ta kai ƙarin kuɗinta ya tayar da tarzoma a Karak a 1996, kuma gwamnati ba ta janye tallafinta ba sai a watan Janairun 2018. Gurasa da shinkafa da shayi mai sukari su ne hanya mafi sauƙi ta rufe bakin yara shida. Wanda aka ce wa ya rage su ya ƙara kifi da nama marar kitse, an ba shi shawara ta gaskiya, sai dai ba a ba shi kuɗinta ba.

Ƙofa ta biyu ita ce ta shekaru. Nau'i na biyu na ciwon sukari ba ya tsayawa inda aka same shi. Gaɓar da ke samar da sinadarin insulin tana ƙara gajiya a hankali, ta yadda ƙwayar metformin da ta wadatar a shekarar farko ba lalle ta wadatar a ta takwas ba. Yau da gobe ba ta bar komai ba. Wannan ba laifin majiyyaci ba ne, halin cutar ne, kuma maganinsa shi ne a ƙara magani a kan lokaci. Amma mutane da yawa suna kallon allurar insulin a matsayin alamar ƙarshe, sai su yi ta jinkiri, likita ma wani lokaci ya biye musu. Kafin a fara ta, sukari ya riga ya yi shekaru yana cin jijiyoyin ido da ƙoda da tafin ƙafa a ɓoye. Idan daga baya ido ya dushe, sai a ɗora wa allurar laifin, labarin ya bazu a dangi, na gaba ya ƙara jin tsoro.

Tsoron nan yana da kasuwarsa. A titunan Balad akwai shagunan masu sayar da itatuwa da kayan ƙamshi, buhuna a jere har bakin hanya: hulba, kirfa, ganyen zaitun, da wani tsiro mai ɗaci da ake kira ja'ada, wanda aka daɗe ana sha da sunan maganin sukari. Ɗaci yana da kwarjini a idon mai ciwon zaƙi. Sai dai likitoci sun rubuta rahoton mutanen da ja'ada ta lahanta wa hanta, kuma babban haɗarin shi ne mutum ya ajiye ƙwayarsa ya riƙe kofin jiƙo. A ɗaya gefen akwai wanda ya sallama, yana cewa ciwon gado ne, uba ya yi, kaka ya yi, abin da aka rubuta ba makawa. Wannan shi ne mummunan kallon da binciken ya ambata. Malamai sun sha faɗa cewa tawakkali ba ya hana ɗaure raƙumi, amma cutar da ba ta zafi yau tana da wuyar sa mutum ya ɗaure komai.

Ƙofa ta uku ita ce ta shingaye. Ƙwararru sun taru a Amman, alhali Ma'an tana nesa da fiye da kilomita 200, Aƙaba fiye da 300. Kilomita 20 kacal arewa da birnin akwai sansanin Baƙa'a, wanda aka kafa a 1968, inda Falasɗinawa ke karɓar magani a asibitocin hukumar UNRWA, hukumar da kullum take fama da ƙarancin kuɗi. Can kusa da Mafraƙ ga sansanin Za'atari na 'yan Siriya tun 2012. Mai ciwon sukari yana buƙatar abin da gudun hijira ke fara ƙwacewa: magani da ba ya yankewa, firjin ajiye insulin, 'yan takardun gwajin jini, da kwanciyar hankali. Damuwa kanta tana ɗaga sukari.

Ko a unguwannin masu hali, shawarar a yi tafiyar minti 30 a kullum tana da wuyar cikawa. Na gwada bin gefen titi a yammacin birnin. Nan bishiya ce a tsakiyar hanyar masu ƙafa, can mota ce ta hau ta zauna, gaba kaɗan hanyar ta ƙare babu sallama. Wanda ke son tafiya sai ya shiga mota ya je Lambun Husaini ko dajin filin wasanni. Dattijuwa mai ciwon gwiwa da jikoki a gida ba za ta yi wannan ba. Da dare kuma gidajen shan gahawa sun cika da hayaƙin shisha. Binciken da gwamnati ta yi tare da Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ya nuna fiye da maza 8 cikin 10 suna shan taba ko wani nau'in nikotin, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya. Taba tana rage wa jiki jin insulin, tana kuma ƙuntata jijiyoyin da sukari ya riga ya raunana.

Watan Ramadan yana tattara duk waɗannan a tabarma ɗaya. Yini babu ci, sannan buɗa-baki da ruwan tsamiya mai sukari da ƙaɗayif, wani fanke da ake cusa wa cuku a tsoma shi a ruwan sukari. Ƙa'idar da likitoci suka yi ittifaƙi a kai ita ce mai ciwon ya je a gyara masa lokutan magani tun kafin watan ya kama, ya riƙa gwada jininsa da rana, ya karya azumi in sukari ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300. Shari'a ta ba marar lafiya rangwame. Abin da ya fi wuya shi ne ya karɓi rangwamen a gidan da kowa ke azumi.

Duk da haka, a cikin al'adar ƙasar nan akwai wani abu da ya ba ni fata, kuma a wajen gahawa yake. Gahawar Larabawa ta karɓar baƙo ba a sa mata sukari ko kaɗan, ɗaci ce da ƙamshin hel. Mai zubawa yana riƙe buta a hagu, finjali a dama, ya ɗiga kurɓi ɗaya ya miƙa. In ka mayar masa da finjalin haka nan, zai ƙara. In ka ƙoshi, sai ka ɗan girgiza shi tsakanin yatsunka kafin ka miƙa. Shi ke nan. Ba a yi magana ba, ba a nemi dalili ba, babu wanda ya ji kunya. Mai zubawa ya wuce zuwa na gaba. Finjalin nan yana da nauyi har a manyan lamura: tawagar neman aure takan ajiye shi a ƙasa ba ta sha ba, sai an amsa buƙatarta.

Mutanen da suka ƙirƙiro wa gahawa hanyar cewa ya isa cikin ladabi ba su yi wa shinkafa da kunafa irinta ba tukuna. Likita yana ganin majiyyaci mintoci kaɗan a cikin wata uku. Sauran kwanakin suna hannun matar da ke dafa shayi, ɗan da ke zuwa cefane, da surukin da ke tura nama yana rantsuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma sukarin dattijon gida ba zai sauka da ƙoƙarinsa shi kaɗai ba. Zai sauka ne a gidan da ake kawo sukari daban a ƙaramin kwano, ake ajiye kayan lambu a gefen tire, ake kuma karɓar janye hannun baƙo kamar yadda ake karɓar girgiza finjalinsa. Baƙonka annabinka, in ji Bahaushe. Mai masaukin da ya bar baƙonsa ya tashi da sauran wuri a ciki bai rage masa daraja ba, ya taimaka masa ne ya riƙe idonsa da ƙafarsa zuwa biki na gaba.